Darasi na 7: Littafin kullum, shaidan da ba ya mantuwa

'Yan uwa ɗalibai, kafin mu buɗe komai yau ina so kowa ya amsa wannan a ransa: ranar Talatar da ta wuce, me ka yi, ko me kika yi, a kan burin da ya kawo ki ajin nan? Na san yawancinmu shiru za mu yi, a ɗaga kai sama ana lalube, ƙarshe a ce kai wallahi na manta. To ba laifin kowa ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan adam take. Tun a 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi gwaji a kan kansa, ya ga cewa abin da mutum ya haddace, mafi yawansa a sa'o'i da kwanakin farko yake zubewa in ba a maimaita ba.

Abin da ya fi damuna da mantuwa shi ne ba ta da adalci. Ranar da ka gaji ko ranka ya ɓaci, zuciya sai ta jero maka duk inda ka gaza ɗaya bayan ɗaya, amma kwana goman da ka daure ka yi ƙoƙari ko ɗaya ba za ta tuna maka ba, shikenan sai ka ce ai ni ba gaba ba baya, gara in haƙura kawai. Na ga mutane da yawa sun ajiye karatu, sun ajiye tanadi, sun ajiye koyon sana'a a daidai wannan gaɓar, alhali sun ci gaba sosai, su ne dai ba su gani ba. Littafin kullum, wato littafin da kake rubuta abin da ka yi kowace rana, aikinsa ke nan, ya riƙe maka shaida, ranar da zuciya ta ce ba ka yi komai ba ka buɗe ka nuna mata. Gani ya kori ji.

Abin da ake buƙata

Littafin rubutu guda ɗaya da biro ko fensir. Shi ke nan fa. Kar a je neman mai tsada mai kyawun bango, don sau da yawa irin wannan tsoron ɓata shi ake yi sai a ajiye ba a taɓa ba. Wanda ya fi sabawa da waya zai iya rubutawa a ciki, amma ni ga ɗalibin wannan aji takarda na fi so, saboda riba biyu ce, kana bin burinka kuma hannunka yana ƙara sabawa da rubutu. Kuma littafin nan ba na malami ba ne, ba mai sa masa jan biro. In ka rubuta kalma ba daidai ba bar ta a haka ka wuce, wata shida nan gaba kai da kanka za ka ga kuskuren, wannan ganin ma shaida ce cewa ka ƙaru.

Shafin farko: buri ɗaya, a fayyace

A shafin farko rubuta kwanan wata, sannan burinka. Guda ɗaya. Na san akwai mai biyar a ransa, a yi haƙuri, sauran su jira layi.

Kuma a fayyace shi yadda ko yaro ya karanta zai gane an cika ko ba a cika ba. "Ina so in iya karatu" magana ce mai kyau amma ba ta da bakin iyaka, yaushe za ka ce ka iso? Gwada haka: "Nan da wata uku ina so in karanta saƙon da aka turo min a waya da kaina ba tare da na miƙa wa kowa ba." Ko kuma: "Nan da ƙarshen shekara ina so in tara kuɗin keken ɗinki." Ko: "Ina so in riƙa tafiyar ƙafa ta minti 20 sau huɗu a mako." A ƙarƙashinsa ƙara layi ɗaya, dalilin da ya sa kake so. Wannan layin kar a raina shi, shi za ka dawo ka karanta ranar da gwiwa ta yi sanyi.

Sai abu na uku, yaushe kuma a ina. Wani masanin halayyar ɗan adam, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana bincike a kan wannan, kuma abin da ya gano shi ne wanda ya tsara niyyarsa da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cikawa a kan wanda ya ce zan yi kawai. Wato maimakon "zan riƙa karatu", sai ka rubuta "idan yara sun yi barci, zan zauna kusa da fitila in karanta shafi ɗaya". Ka ɗaura sabon aikin a jikin wani abu da dama kullum yana faruwa, shi zai riƙa tuna maka.

Layi uku na kowane dare

Ga zuciyar darasin. Kowane dare, minti biyar, rubuta kwanan wata sannan ka amsa tambaya uku: me na yi yau a kan burina, me ya tare min hanya, me zan yi gobe. Ga misali daga littafin mai burin karanta saƙo da kanta:

Litinin. Na karanta layi 6. Kalmar "asibiti" ta ba ni wuya. Gobe zan sake layin nan sau biyu.
Talata. Ban yi ba. Baƙi sun zo, na gaji. Gobe zan yi da safe kafin hayaniya.
Laraba. Na yi da safe. Layi 9. Na gane "asibiti" ban tsaya ba.

Ku lura da Talata. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma zagi kanta ba, ta faɗi abin da ya faru ta canza lokaci, Laraba sai ga layi 9. Da ba ta rubuta ba da ba lallai ta lura cewa safiya ta fi mata dare ba. Ku kuma lura da lambobin, 6 da 9. "Na yi ƙoƙari" ba ya aunuwa, amma layi nawa, minti nawa, nawa na ajiye, wannan ko bayan shekara ka buɗe zai gaya maka gaskiya.

Wani zai ce to layi 9 ɗin me, abin a rubuta ne? Eh, abin a rubuta ne. Teresa Amabile ta jami'ar Harvard a Amurka tare da Steven Kramer sun sa ma'aikata 238 daga kamfanoni 7 suna rubuta yadda ranarsu ta kasance, suka tara rubutu kusan 12,000, da suka zauna suka tantance sai suka ga babu abin da ya fi ɗaga wa mutum gwiwa a wurin aiki kamar ya ga ya matsa gaba a aikin da yake da muhimmanci a wurinsa, ko da matsawar 'yar kaɗan ce. Da yayyafi kogi kan cika, amma sai in akwai inda ruwan yake taruwa, littafin shi ne wurin taruwar.

Mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara 10

Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100 ta Amurka, an haife shi a 1706, kuma zamansa a makaranta bai wuce kimanin shekara biyu ba, yana ɗan shekara 10 aka cire shi ya koma taya mahaifinsa aiki, sauran ilimin duk da kansa ya nema. Yana saurayi ya yi wa kansa ɗan ƙaramin littafi, ya zaɓi halaye 13 da yake son ya gyara, irin su tsari, tattali, gaskiya, tsafta da tawali'u. Ya ja layi bakwai na ranakun mako, kowane dare in ya ga ya karya ɗaya sai ya ɗiga baƙin ɗigo a gurbinsa. Kowane mako hali ɗaya yake sa wa ido sosai, mako 13 ya zagaye su duka, a shekara zagaye huɗu ke nan. Da ya tsufa ya faɗa da kansa cewa bai kai ga kamalar da ya nema ba, musamman wajen tsari, amma ƙoƙarin ya sa ya fi yadda da zai kasance kyau da kwanciyar rai.

Abin da nake so mu ɗauka a wurinsa shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya, da kuma dubawa kowane dare. Inda na saɓa da shi kuwa, shi kuskure yake ɗigawa, ni kuma na fi son ku riƙa yin alama a ranar da kuka yi. A bayan littafin ja gidaje 30 ko 31 na wata, duk ranar da ka cika ka sa maki a gidan. Wanda ya daɗe yana jin cewa shi ya makara, ba ƙarin lissafin laifi yake buƙata ba, ya ga jerin ranakun da ya tashi ya yi, wannan ya fi masa amfani.

In ka tsallake

Za ka tsallake, wannan ba ko shakka. Rashin lafiya, tafiya, rasuwa, aiki ya yi yawa, ko kawai ranar ba ka jin yi. Ni kaina akwai lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya na yi sati uku ban buɗe nawa ba, da na dawo na ga fararen shafukan nan sai na ji nauyi a ƙirjina kamar na ci amanar wani, har na ɗauko sabon littafi zan fara daga farko. Sai na fasa, na koma tsohon, na rubuta kwanan wata na rubuta "na dawo", na ci gaba daga nan. Yau in na buɗe wurin, wannan kalma biyun ta fi min duk sauran shafukan daraja.

Don haka kar a yage shafi, kar a sake sabon littafi, kar kuma a zauna cike ranakun baya da abin da ba a yi ba. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum. Kafin abin ya zama jiki, a tsaka-tsaki kwana 66 ya ɗauka, wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Kuma sun ga tsallake rana ɗaya bai rushe sabon ba. To in ka kai wata guda har yanzu kana jin abin da nauyi, lafiyarka ƙalau, lokaci ne bai yi ba. Abin da za ka kiyaye kawai kar rana ɗaya ta zama mako ba ka waiwayo ba.

Wata rana kuma ba layi uku kake buƙata ba, abu ne ya tokare maka rai. Buɗe sabon shafi ka zubar da shi duka yadda ya zo. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, James Pennebaker, a 1986 ya sa ɗalibai suna rubuta abin da ya dame su da yadda suka ji, minti 15 a rana har kwana huɗu a jere, a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na waɗanda suka rubuta abubuwa marasa muhimmanci. Amma a ji ni da kyau, littafi ba likita ba ne, in damuwa ta hana ka barci ko cin abinci kwana da kwanaki, nemi ma'aikacin lafiya ko wani da ka yarda da shi ka yi magana.

Dubawar mako

Zaɓi rana ɗaya a mako ka karanta abin da ka rubuta a kwana bakwai. Nemi abin da yake ta maimaita kansa a layi na biyu. In "na gaji" ya fito sau huɗu, lokacin ne bai dace ba, canza shi. In "waya ta ɗauke min hankali" ne, ajiye ta a wani ɗaki kafin ka zauna. In kuma kullum ba ka kai adadin da ka sa wa kanka, rage shi, shafi ɗaya ya koma rabi, babu kunya a ciki, in ƙafa ta tsaya sai a ƙara.

Maganar sirri kuma, littafin naka ne, ajiye shi inda hankalinka ya kwanta, don wanda ke tsoron za a karanta ba zai rubuta gaskiya ba. In kana so ka nuna wa aboki ɗaya shafin makin nan na wata, yana taimakawa ƙwarai, sauran shafukan kuwa ba dole.

Wanda hannunsa bai gama faɗawa ba kar ya ce sai na iya tukuna. Kwanan wata da lamba ɗaya da maki sun isa a fara, kalmomin za su biyo baya.

Aikin wannan mako

1. A shafin farko rubuta burinka guda ɗaya da ranar da kake son cika shi, da dalilinka a layi ɗaya.
2. Cike wannan jimlar: "Idan ________, zan ________."
3. Ja gidajen ranakun wannan wata a bayan littafin.
4. Rubuta layi ukunka kowane dare har kwana bakwai, har da ranar da ba ka yi komai ba.
5. Ranar aji mai zuwa a zo da littafin. Ba mai karanta na wani, kowa zai faɗa mana abu ɗaya ne kawai da ya gano game da kansa a layi na biyu.