Darasi na 7: Tsara Gidan da Zai Yi Sanyi Ko Babu Wuta

Yawancinmu a Kano ba a tashi ɗaya muke gina gida ba. Bana a ja katanga a yi ɗaki biyu, baɗi a ƙara ɗaya in hali ya yi. Wannan ba laifi. Inda ake kuskure shi ne a haƙa harsashi ba a san inda ɗakin ƙarshe zai zauna ba. Kafin ka sayi bulo ko guda, a zana gidan gaba ɗaya a takarda, a kai wa hukumar tsara birane, KNUPDA, ta amince. Amma ka fara zama da uwargida tukuna. Ita ta san inda hayaƙi ke bi da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya.

Babbar damuwarmu zafi ce. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga wuta ba tabbas. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har tsakar dare. To, a can za a sa banɗaki da ɗakin ajiya. Tagogin ɗakin kwana su kalli kudu da arewa, biyu suna fuskantar juna. Taga ɗaya ba ta jan iska.

Ka je Gidan Makama da azahar, ka tsaya cikin soro, ka dafa bango. Za ka ji shi da sanyi. Tubali ne mai kauri, rufin azara da ƙasa, ga sama da nisa, shi ya sa zafi ke daɗewa bai ratso ba. Wasu na raina ginin ƙasa wai na talaka ne, alhali da ita aka gina Gidan Rumfa tun ƙarni na 15. Ruwa kaɗai ƙasa ke tsoro. A ɗaga harsashi da dutse da siminti, a yi yaɓe da makuba kafin damina, a duba indararo kada ya riƙa zuba a jikin bango. In kwano za ka rufa, ka sa silin, ka bar kafofin iska a samansa.

Kada ɗakuna su cinye fili duka. A bar tsakar gida, a dasa darbejiya nesa da bango saboda saiwa.

Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 10, zai tara kusan lita 1,000, wato jarka 40 mai lita 25. A bar ruwan farko ya wanke ƙura kafin a tara a tanki. Rijiya kuwa ana so ta nisanci masai da mita 30. Filoti mai ƙafa 50 da 50 ba shi da wannan tazarar, don haka a tafasa ruwan kafin a sha.

Aiki: Zana filinka. Rubuta gabas, yamma, kudu da arewa. Nuna inda za ka sa ɗakin kwana, sannan ka faɗa wa malam dalilinka.