Kafin ka yi odar sabuwar damfa

Ɗan'uwa makaniki, in tayar gaban tsohon ƙaramin jirgin sama Cessna 150 ko 172 tana karkarwa wajen sauka, kada ka yi saurin ƙona dala a kan sabuwar damfa, wato na'urar da ke rage karkarwar tayar.

Sa yaronka ya danne wutsiya har tayar ta bar ƙasa. Kama ta da hannu biyu, girgiza hagu da dama, idonka a kan almakashin, wato ƙarafa biyu masu mahaɗi kamar almakashi da ke riƙe ƙafar tayar. Ka ji ƙwas-ƙwas? Bushi, wato zoben da ke cikin mahaɗin almakashin, ya cinye. Damfa rage rawar kawai take yi, ba ta ɗaure abin da ya kwance. Iskar tekun Accra kuwa ba ta raga wa ƙarfen da ba giris.

Ni sai da aljihuna ya ji jiki na gane.

Amma in tayar ta cinye gefe ɗaya ko nauyinta bai daidaita ba, sabon bushi ba zai hana ba. Fara auna iskarta.