Idan sabuwar motarka ta ƙi jin gyara a New York

Aikina a nan Bronx shi ne karɓar motocin da aka kawo gyara a garejin wani dila. Ni ke rubuta takarda in miƙa wa makanikai. Daga wannan teburi nake kallon yadda mutanenmu, 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi da 'yan Kano, suke asarar haƙƙinsu saboda kara da kunya. An ce musu "an gyara", su yi godiya, su karɓi makulli, su tafi hannu rabbana ba takarda.

Jihar New York tana da dokar da ake kira Lemon Law tun 1983, shekara ɗaya bayan jihar Connecticut ta fara kafa irinta. Idan ka sayi sabuwar mota ko ka karɓe ta lis, wato hayar dogon lokaci, sai matsala ta ɓullo cikin shekara 2 ko mil 18,000 na farko, duk wanda ya riga zuwa, dole kamfanin da ya ƙera ta ya gyara kyauta. In an taɓa matsala ɗaya sau 4 ba ta tafi ba, ko motar ta yi kwana 30 a gareji, to zaɓi ya dawo hannunka: ko a mayar maka da kuɗinka, ko a ba ka wata makamanciyarta. Kwana 30 ɗin nan ba sai a jere ba, tarawa ake yi. Amma fa sai matsalar da ta rage darajar mota sosai, kamar giya mai fizga, birki mai saki, ko injin da ke mutuwa a tsakiyar titi. Ɗan ƙarar roba a cikin ƙofa ba zai kai ka ko'ina ba.

To, ɗan'uwa, a nan ne nake so ka buɗe kunne. Mai yanke hukunci bai san wahalar da ka sha ba, takarda kawai ya sani. Duk ranar da ka kawo mota, ko minti goma za ta yi, ka ce a buɗe mata takardar gyara. Kafin ka sa hannu, karanta abin da aka rubuta. In ka ce giya tana fizga daga ta biyu zuwa ta uku idan injin ya yi zafi, kar ka yarda a rubuta "a duba mota". Ka tsaya sai an sa maganarka yadda ka faɗe ta. In ta sake dawowa, maimaita kalmomin nan sak. Na ga wanda ya kawo mota sau da dama kan ciwo ɗaya, amma yau ya ce "tana rawa", gobe ya ce "tana ƙara", jibi ya ce "ba ta ja". A takarda sai ya zama ciwo uku daban, kowanne an taɓa shi sau ɗaya ko biyu.

Ranar karɓa kuma ka duba abu uku: ranar shiga, ranar fita, da mil ɗin da ke kan agogo. Ko da makanike ya rubuta cewa ya gwada bai ga komai ba, karɓi takardar ka adana, domin ita ce shaidar ka kawo ƙorafi a lokacin. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, ɗauke ta bidiyo da waya, fitilar injin tana ci, agogo yana nunawa. Sai dai ka sa na gefenka ya ɗauka, kar ka je neman haƙƙi ka samo tikiti.

Idan dila ya ƙi karɓar gyaran cikin kwana 7, rubuta wa kamfanin motar wasiƙa ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu in an karɓa. In kwana 20 suka wuce ba a fara gyara ba, wannan ma ƙofa ce ta neman kuɗinka.

Akwai tarko da ya fi kama mutanenmu. Dokar tana kare motar da akasarin aikinta na gida ne, kai yara makaranta, zuwa aiki, zuwa masallaci. Wanda ke Uber ko tasi da ita dare da rana, zai yi wuya ta rufe shi. Irin wannan sai ya ga lauya ya ji matsayinsa a ƙarƙashin garantin kamfani da dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975. Wannan dokar ce ma ta hana kamfani soke maka garanti don kawai ka canza mai a wajen bakaniken unguwa, muddin dai kana da rasit. Amma gyaran matsalar da kake ƙorafi a kai, dila za ka kai wa. Kuma kar ka bar wani ya taɓa wayoyi don sa maka rediyo ko fitila, don nan take za su ce kai ka jawo.

Kar ka daina biyan banki don fushi. Bashi daban, rigima daban.

Idan takardu sun cika, ba sai ka je kotu ba. Ofishin Antoni Janar na jihar yana da shirin sasanci, inda mai yanke hukunci zai saurare ka da kamfanin. Ka cike fom, in an karɓa ka biya dala 250, in ka yi nasara kuɗin ya dawo. Kana iya zuwa da kanka ba lauya. Jera takardunka bisa kwanan wata, ka yi magana a taƙaice. In hukunci ya faɗa gefenka, kamfani yana da kwana 30 ya cika. Kana da shekara 4 daga ranar da aka fara miƙa motar, amma ni ban ga amfanin jira ba.

Kuɗin ba duka yake dawowa ba in ka wuce mil 12,000. Ana ɗaukar rarar mil ɗin a ninka da farashin mota a raba da 100,000. Motar dala 30,000 mai mil 15,000, za a cire dala 900. In da bashi a kanta, banki ya ɗauki nasa, saura naka.

Motar hannu ma tana da tata dokar, in a wajen dila ka saya, kuɗinta ya kai dala 1,500, kuma ba ta haura mil 100,000 ba. Garantin gajere ne, kwana 90 ko 60 ko 30 gwargwadon tafiyar da ta yi, kuma gyara 3 ko kwana 15 a gareji sun wadatar. Wadda ka saya hannu da hannu a Facebook wajen mai ita, wannan kai da sa'arka.

Masu sayen mota a gwanjo su tura Kwatano ko Legas ko Tema, ku sani motocin da kamfani ya karɓa ana sake sayar da su. Sa lambar shasi mai harafi da lamba 17 a shafin intanet na Carfax ka ga tarihinta kafin ka biya, domin dokar New York ba ta bin mota cikin kwantena.