Darasi na 9: Wace Ƙuda Ce Ke Shayar da 'Ya'ya?

Duk wanda ya taɓa aikin amya a duwatsun Ɗa'if ko Baha a Saudiyya ya san cewa ƙudan zuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Shekarunsu ne ke raba musu aiki, ko da yake shekarun nasu kwanaki ne, don ma'aikaciya kan rayu kamar mako 6 a lokacin aiki.

Daga ƙwai zuwa fitowarta kwana 21 ne. Tana fitowa sai ta kama sharar ramukan saƙa, tana cin garin fure sosai. Wannan garin ne ke cika wasu 'yan jakunkuna biyu da ke cikin kanta, masu kama da zangarniyar inabi. Daga kwana 6 zuwa 12 bayan fitowarta sun cika fal, suna fitar da farar madara mai ɗan tsami, wadda ake ba tsutsotsi da sarauniya. Idan garin fure ya yi ƙaranci, jakunkunan ba sa cika, 'ya'ya su rame. Ruwan sukari kaɗai ba ya maye gurbinsa, komai yawan da ka zuba.

Daga kwana 12 zuwa 18 kuma sai wasu jakunkuna guda 8 a ƙasan cikinta su fara fitar da kaki, ɓarɓashi farare kamar ɓawon kifi. Bayan mako 3 ta fita kiwo kan magarya, jakunkunan kai su motse.

Iri ma yana da tasiri. Ƙudan zuma 'yar ƙasa, wadda Larabawa ke kira baladi, ƙarama ce, jakunkunanta ƙanana. Ta Karniyola, mai asali daga Turai, da ake shigo da ita daga Masar, ta fi ta jiki da jakar madara. Amma fa idan zafi ya tsananta, baladi ce ke jurewa, baƙuwar takan ƙare. Ni dai a ƙasar nan baladi zan riƙe.

Malam, in za ka raba amya, kada ka kwashi masu kiwo kawai. Ɗauki saƙa mai 'ya'ya tare da ƙudan da ke manne a kanta, da hantsi, lokacin da manya suka fita. Waɗanda ke manne a saƙar su ne masu madara.

Aikin gida: ɗaga saƙa ɗaya, ka nemo ƙuda mai laushin gashi wadda ba ta tashi ko an hura mata hayaƙi. Rubuta abin da ka ga tana yi.