Yadda Ake Kai Yara Kan Dutse a Bazara Su Koyi Ilimin Halitta

A arewacin Kamaru bazara lokacin jiran ruwa ne. Ciyawa ta bushe, kogunan yashi da muke kira mayo sun ƙafe, zafi a Marwa da Garwa yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afirilu, manoma kuma sun zuba wa gabas ido suna duban hadari. Duk da haka, malamin makaranta ko uban da ke son 'ya'yansa su san ƙasarsu ba zai sami lokacin da ya fi wannan dacewa da hawan dutse ba. Ciyawa ba ta rufe hanya ba, ana ganin inda za a sa ƙafa, tsuntsaye da dabbobi sun taru a 'yan wuraren da ruwa ya rage, kowane itace kuma yana nuna dabarar da yake bi wajen jure fari. Hutun ƙarshen zango na biyu ma yakan faɗo a wannan tsakani. Sharaɗin dai shi ne a yi shiri irin na mai tsoron rana, a kuma tafi da tambaya guda a zuciya, wato yadda duk wani mai rai a kan dutse yake samun ruwa ya kuma adana shi.

A fara da zaɓen wuri, kuma a nan ina ba da shawarar a fara da dutsen da ya fi kusa da gida. Mutanen Marwa suna da duwatsun da suka tsaya a bakin gari, suna kuma da Mindif a kudu, tafiyar kimanin kilomita 25, inda zagaya gindin dutsen kawai ya isa darasi, domin ƙololuwarsa sai gwanaye masu igiya. Mutanen Garwa suna da Tingelin. A Gider akwai kwazazzabon Kola, inda Mayo Luti ya sassaƙa dutse ya yi masa santsi, kuma a rani ne kaɗai ake iya shiga cikinsa. Na Ngaundere sun fi kowa sa'a, domin garinsu yana kan tudun Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000, iskarsa da sanyi, ruwa yana riga sauka can, ga dutsen da garin ya ci sunansa, ga tafkin Tison a kusa. Wanda ya saba da waɗannan sai ya yi tunanin duwatsun Mandara, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya, da Rumsiki da ake zuwa ta Mokolo.

Maganar Mandara tana jawo maganar tsaro, kuma ba a yi mata gaggawa. Tun wajen shekarar 2013 yankunan kan iyaka a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava suke fama da hare-hare, halin da ake ciki kuma yana sauyawa daga wata zuwa wata, daga ƙauye zuwa ƙauye. Kada a dogara da labarin wanda ya je bara. A tambayi jandarmomi da hukumar gunduma a cikin makon tafiya, a tambayi mutanen ƙauyen da kansu, idan kuma aka ji shakka ko kaɗan a bar tafiyar a koma dutsen kusa. Babu darasin da ya kai ran ɗan mutane.

Kowane dutse yana da masu shi. Kwana biyu ko uku kafin fita, babba ɗaya ya je ya gaida jauro ko lawanin ƙauyen da ke gindin dutsen, ya faɗi yawan yaran da ranar zuwansu, ya roƙi a haɗa shi da ɗan jagora. Jagoran da ya fi amfani shi ne makiyayi ko manomin da ya tashi a wurin, domin ya san ramin da zuma ta zauna, ya san dutsen da ke motsi, ya kuma san wuraren da mutanen gari ba sa yarda baƙo ya taka, kamar maƙabarta da wuraren ibadarsu ta gargajiya. A daidaita ladansa tun kafin a tashi, a biya shi da mutunci. Shi ma babban da ya je gaisuwar ya bi hanyar da ƙafarsa a ranar, ya ga inda ake samun inuwa da inda ya kamata a juya.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba, saboda haka a tsara komai a kanta. A yi sallar asuba a kama hanya, a fara hawa da fitowar rana, kuma kafin ƙarfe 10 na safe kowa ya sauko yana ƙarƙashin inuwa. Kowane yaro ya ɗauki ruwan da bai gaza lita 2 ba, manya su riƙe jarka ta ƙari, a kuma tsayar da yara su sha a kai a kai ko ba su ce suna jin ƙishi ba, domin yaron da wasa ya ɗauke masa hankali ba ya faɗa. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa, silifa ba ta hawan dutse. A sa malafa ko hula, da tufa mai haske mai dogon hannu. Guzuri mai sauƙi ya isa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, mangwaro tunda lokacinsa ne. A tafi da sukari da gishiri, domin idan yaro ya galabaita sai a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Babba ɗaya ya kula da yara kamar shida, wani a gaba tare da jagora, wani a can baya, kuma ba a yarda kowa ya wuce na gaba ko ya tsaya bayan na baya ba. Idan azumi ya faɗo a lokacin, a ɗage tafiyar. Kayan karatu kuwa littafin rubutu ne da fensir ga kowane yaro.

Da an isa gindin dutse sai a nemi gawo da kuka, a tsayar da yara a tsakaninsu. Kuka a tsaye take ba ganye, ta zubar da shi don kada ta yi asarar ruwan da ta tara a cikin kututturenta mai taushi. Gawo kuwa yana da ganye a tsakiyar rani, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda ruwa yake, kuma sai damina ta kama yake zubar da ganye. Wannan ne ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa: ba ya yi wa dawa inuwa a lokacin da take bukatar rana, ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka yi zaman inuwarsa suna zama taki. Kada malam ya yi saurin faɗin wannan duka. Ya tambayi yara me ya sa ɗaya ke da ganye ɗaya babu, ya bar su su yi gardama, sa'annan ya juya ga jagora ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Sau da yawa amsar dattijon ta fi ta littafi cika, kuma yaran da suka ga malaminsu yana tambayar manomi sun koyi wani abu da ba ya cikin manhaja.

Ana hawa itatuwa suna sauyawa. A tsakanin duwatsu za a ga ararrabi mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙamshi, da kukuki, da marke, da ire-iren ɓaure da suke tura saiwarsu cikin tsagar dutse suna bin danshi. Za a iya cin karo da kariya, wadda take fure ja-ja a lokacin da ba ta da ganye, gindinta a kumbure da ruwa. Ita da tinya da ƙerana a kalle su da ido kawai, domin ruwan jikinsu guba ne, na tinya da ƙerana kuma yana yi wa ido mummunar illa. Kowane yaro ya zaɓi itace guda ya zana shi, ya rubuta sunansa da Hausa da Fulatanci da harshen mutanen wurin, tare da amfanin da jagora ya ce ana yi da shi. Itace biyar da aka sani sosai sun fi hamsin da aka wuce ana kiran sunayensu.

Inda aka fi daɗewa, a ganina, shi ne gonakin kan dutse. Mafa da Podoko da Mofu da maƙwabtansu sun jera duwatsu a jikin gangare hawa-hawa tun kaka da kakanni, kowane jeri yana tare ƙasa yana rage wa ruwan sama gudu har ya nutse. A bazara ne ake gyaran su kafin shuka, don haka yara za su iya ganin aikin da idonsu, su nemi izini su ɗora dutse ɗaya ko biyu. Akwai gwaji mai sauƙi da ke bayyana hikimar: a sami gangare mai ƙasa, a shata wuri biyu kusa da juna, a jera tsakuwa a gicciye a ɗaya a bar ɗayan haka, a zuba musu ruwa kofi ɗaya-ɗaya daga sama, a ga wanne ya kwashi ƙasa ya gudu. Yaron da ya ga wannan ya fahimci zaizayar ƙasa, ya kuma fahimci dalilin da ya sa sare itace a kan dutse yake kawo ambaliya ga mutanen ƙasa. Gwanintar ginin dutse a wannan yanki tsohuwa ce: Sukur a ɓangaren Najeriya ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999, kufan Diy-Gid-Biy na ɓangaren Kamaru kuma suka shiga a 2025.

Shi kansa dutsen yana da labari. Tsinin da ke tsaye a Rumsiki narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi mai taushi suka bar shi kaɗai. Manyan mulmulallun duwatsun da ke kan yawancin tsaunukanmu kuwa a hankali suke ɓarewa daga waje kamar albasa, kuma a ƙarƙashinsu za a ga tsakuwa da yashin da suke gangarawa cikin mayo.

Dabbobi sai an yi shiru. A zaunar da yara minti goma ba magana, a wuri mai inuwa da ke fuskantar tsagar duwatsu. Farin zane a jikin dutse alama ce ta mazaunin rema, kuma da safe sukan fito shan hantsi. Yara sukan yi mamaki idan aka gaya musu cewa masana sun gano danginta na kusa su ne giwa da ayu, ayun da ke cikin Binuwai. Idan aka ga gwaggon biri kada a ba shi abinci, kada a jefe shi. A sama kuwa bazara lokacin musayar baƙi ne: tsuntsayen da suka zo daga Turai suka yi hunturu a nan suna komawa a Maris da Afirilu, shamuwa kuma tana tahowa daga kudancin Afirka tana bin ruwan sama don ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Yara su rubuta ranar da suka fara ganin ta, su ƙirga kwanakin da suka wuce kafin ruwan farko. Mutanen Garwa suna da wata dama, domin makarantar horar da jami'an kula da namun daji da aka buɗe a 1970 tana garinsu, kuma malami zai iya rubuta mata takarda ya nemi shawara.

Dokar da za a nanata tun daga gida ita ce ba a sa hannu a rami, ba a ɗaga dutse da hannu, ba a zama sai an duba wurin, saboda kunama da kububuwa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma wanda ta sara yakan ga kamar lafiyarsa ƙalau a sa'o'in farko. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi; a cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron zuwa asibiti nan take. Shi ya sa tun kafin tafiya ake sanin asibitin da ya fi kusa, a kuma ajiye mota ko babur a gindin dutse. Yaron da ya fara ciwon kai ko jiri ko amai, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a ba shi ruwan gishiri da sukari, idan kuma ya rikice ko ya suma to maganar asibiti ce. Daga ƙarshen Afirilu hadari yakan taso ba sallama. Da jin tsawa a sauka daga ƙololuwa, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, kuma kada a yi zango a cikin mayo ko kwazazzabo ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a can kan dutse yakan iso da ƙarfinsa cikin ɗan lokaci. Kududdufin da ya rage ba na wanka ba ne, yana sa tsargiya. Ba a kunna wuta a kan dutse a wannan lokaci, leda da robar ruwa kuma a koma da su gida.

Bayan an dawo, a yanke wuyan robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki, a kifa wuyan a cikinta ya zama mazurari, a kafa ta a fili nesa da rufi da itace, yara su riƙa auna zurfin ruwan da ma'auni bayan kowane ruwan sama suna rubutawa da kwanan wata. A cikin watan Agusta, idan hanya ta yi kyau kuma jagora ya yarda, a koma wurin da littattafan nan, kowane yaro ya nemi itacen da ya zana ya sake zana shi a shafin da ke kusa da na farko, wanda ya zaɓi gawo kuma ya rubuta abin da ya tarar an shuka a ƙarƙashinsa da tsayin da ya kai.