Yadda ake sarrafa tanif daga lambu zuwa tukunya, har da ganyensa

Tanif (turnip a Turance) kayan lambu ne mai dunƙulalliyar saiwa, ana cin saiwar da ganyen. Yawancin masu cewa ba sa son tanif, tsohonsa aka taɓa ba su. Idan ya daɗe a ƙasa ya yi ƙato, aka zo aka tafasa shi har ya narke, dole ya yi ɗaci da wani wari mai hawa kai. Wanda aka tono yana ƙarami kuwa, aka san irin wutar da yake so, yana da zaƙi da ɗan yaji-yaji mai daɗi. Ɗan'uwan kabeji ne, masana tsirrai suna kiransa Brassica rapa, kuma kafin dankalin turawa ya yaɗu a Turai, yana cikin abin da talakawan can suke dogaro da shi a lokacin hunturu. Ga mai ɗan lambu a gida, yana cikin shukar da ba ta ja wa mutum rai, domin yawancin irinsa kwana 40 zuwa 60 ya isa tonowa.

Aikin girkin daga lambu yake farawa. Tanif shukar sanyi ce. Zafi da ƙishirwa su ne suke ƙara masa ɗaci, su sa cikinsa ya yi zare-zare, shi ya sa wanda ya girma a lokacin sanyi yana samun ban-ruwa a kai a kai ya fi kowane daɗi. A tono shi idan faɗinsa ya kai santimita 5 zuwa 7, kada a jira ya ƙara girma. Kansa yakan ɓullo saman ƙasa, don haka da ido ma ana gane girmansa, kuma wannan ɓangaren da rana take taɓawa shi ne yake yin shunayya a irin da aka fi sani. A ɗaga shi a hannu a ji. Mai kyau yana da nauyi da tauri, fatarsa sumul. Idan ya yi shafal, to cikinsa ya zama soso, babu dabarar girkin da za ta gyara shi.

Da an shigo da shi, a yanke ganyen a ajiye daban, a bar ɗan guntun kara a kai. Wannan mataki ƙarami ne amma shi ake yawan tsallakewa. Ganyen yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar ko bayan an tuge, kwana biyu kawai sai a ga ta yamutse. Saiwar da aka raba da ganye za ta yi mako biyu a firiji cikin leda ba tare da ta canja ba, ganyen kuwa a dafa shi a ranar ko washegari.

Ƙaramin tanif ba ya buƙatar fira, a goge shi sosai cikin ruwa ya wadatar. Babba ne ake ferewa, kuma da ɗan kauri. Idan aka tsaga shi biyu aka duba da kyau, za a ga wani siririn layi ya zagaye shi daga ciki, kaɗan ƙasa da fatar. Wuƙa ta wuce wannan layin, domin abin da ke wajensa ya fi tauri da ɗaci. Daga nan a yanki ɗan ƙarami a tauna ɗanye. Idan ya yi zaƙi da garɗi, ya shirya wa kowane irin girki, har kwaɗon ɗanyen kayan lambu ana iya yanka shi siri-siri a ciki. Idan ɗacin ya yi yawa, a jefa yankakken cikin tafasasshen ruwan gishiri na minti 3, a tsiyaye ruwan a zubar kafin a ci gaba.

A ganina babu hanyar da take fito da daɗin tanif kamar gashi. A kunna oben ya kai maki 200 zuwa 220 a ma'aunin Salshiyas. A yanka tanif gida huɗu ko shida, a tsane shi da tsumma mai tsabta, a zuba mai cokali biyu ga rabin kilo, da gishiri da masoro, a cakuɗa da hannu har kowane yanki ya samu. Sannan a shimfiɗa a tire, kowane yanki gefen da aka yanka yana taɓa ƙarfe, kuma da ɗan fili tsakaninsu. Filin nan shi ne sirrin. Tanif kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, idan aka cunkusa shi wuri ɗaya tururinsa ne zai dafa shi, ya fito fari fat kuma jiƙe. Bayan minti 20 a ɗaga yanki ɗaya da cokali a leƙa ƙasansa. Idan ya yi ja kamar zuma, gefe-gefensa sun ɗan ƙone, a juya su duka a ƙara minti 10 zuwa 15. A wannan jan ne zaƙin yake taruwa. Tafarnuwa tana saurin ƙonewa, don haka sai a wannan juyin ake sa ta. Da an sauke a matsa lemon tsami kaɗan tun da zafinsa.

Wanda ba shi da oben, kasko mai kauri zai yi masa. A soya yankakken tanif a mai ko bota ba tare da yawan juyawa ba har ya yi ja, a zuba ruwa rabin kofi, a rufe na minti 8, sannan a buɗe a bar ruwan ya ƙone.

Ga wanda bai saba da shi ba, musamman yara, a haɗa shi da dankalin turawa rabi da rabi. A tafasa su cikin ruwan gishiri minti 15 zuwa 20, tukunya a buɗe don warin ya fita. A tace, a mayar da su kan wuta babu ruwa na minti 2 su sha iska, sannan a murƙushe da bota. Idan ba a yi wannan busarwar ba, abin zai tsinke.

Yanzu sai ganyen, wanda ina jin takaici duk lokacin da na ga an zubar da shi. Ya fi saiwar sinadaran gina jiki, akwai bitamin A da C da K da kalsiyam. A wanke shi cikin babbar roba, a riƙa tsamo ganyen ana barin yashi a ƙasa, a sake ruwa har sai ya fita tas. A cire jijiyar tsakiya idan ta yi kauri, a yanka. A soya albasa ta yi laushi, a sa tafarnuwa, a zuba ganyen da ɗan ruwan da ya rage a jikinsa. Ɗanyen ganye sabon fitowa minti 5 ya ishe shi, wanda ya manyanta yana son a ƙara ruwa a ba shi minti 20 ko fiye. Ɗigon khal ko lemon tsami a ƙarshe yana kwantar da ɗacin. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tuntuɓi likitansa kafin ya yawaita cin ganyen, saboda yawan bitamin K da ke ciki.

Sauran abin da lambu ya bayar a lokacin ana iya haɗa shi a tire ɗaya ko tukunya ɗaya, abin lura kawai shi ne kowa da lokacin nunarsa. Karas da dankali sun fi tanif tauri, a yanka su ƙanana ko a ba su ratar minti 10. Albasa da kabewa su shiga tare da shi. Kabeji da koren wake sai an kusa saukewa, ganye kuma shi ne na ƙarshe. Idan ana son lambun ya riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan maimakon ya nuna a tare, a riƙa shuka layi ɗaya duk bayan mako biyu.

In duk da haka tanif ɗin ya yi yawa, a jiƙa shi a khal, kamar yadda ake yi a Labanan da Siriya, inda ake sa yankin bitirut (wata jar saiwa, beetroot a Turance) ya rina shi ruwan hoda. A yanka tanif tsaye-tsaye kamar yatsa, a jera a kwalba mai tsabta da bitirut yanki biyu da tafarnuwa. A tafasa ruwa kofi ɗaya da khal kofi ɗaya da gishiri babban cokali ɗaya, a zuba har ya rufe su. Idan ya huce a rufe a sa a firiji. Bayan kwana 3 ana iya fara ci, kuma a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta, a cinye cikin wata guda.