Masu tsohuwar Beetle, ku leƙa ƙarƙashin kujerar baya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk mai riƙe da Volkswagen Beetle, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, don Allah ya ɗaga kujerar baya kafin damina ta kankama. A nan batir yake zaune, ruwansa kuma yana cin ƙarfen ƙasan motar a ɓoye. Tawa da na gada daga Baba, a nan Katsina, ranar da na cire batirin sai ga rami, ina hango ƙasa ta cikinsa. Raina ya ɓaci matuƙa.

Ku fara wanke wurin da ruwan kanwa, yana kashe kaifin ruwan batir, ku bari ya bushe sarai. Sannan a kankare tsatsar har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti na hana tsatsa. In ƙarfen ya riga ya rube, kar mai gyaran bodi ya lallashe ku da cikon fila, wato ƙullun da ake liƙe rami da shi, ba ya daɗewa. A yanke, a yi waldar sabon faranti. Amma ku tuna masa bututun fetur ya bi ta tsakiyar motar, kar wutar walda ta taɓa shi.

Ƙurar hunturu da ta taru ƙarƙashin tabarmar ƙafa ma a share, ita ke riƙe danshi.